Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin jinya na ɗakunan gobe-da-nisa: ku rubuta mana abin da za mu daina

Assalamu alaikum.

Iyayenmu a aiki, shugabannin jinya na asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi, sistocin da ke riƙe da ɗakunan masu matsanancin ciwo, da malamanmu da ke koyar da wannan fanni, ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman afuwa tun kafin na buɗe baki, domin 'yarku ce ke magana, kuma wasu abubuwan da zan taɓo da hannunku kuka koya mana su. Ni ma na koya wa na bayana.

Ɗakin da nake aiki, na masu matsanancin ciwo, mutanen gari gobe-da-nisa suke ce masa. Ban taɓa son sunan ba, amma na gaji da gyara shi. A ƙofarsa akwai dogon benci, kuma daga kan bencin nan wasiƙar ta taso. Wani dattijo ya yi kwana tara a kansa. Ɗansa muke jinya, saurayi ne da ya yi hatsarin babur, yana kan na'urar numfashi. Kullum da safe bayan an miƙa aiki, ɗayarmu kan leƙo ta ba shi 'yar takarda: kwalin safar hannu, sirinji kaza, layin ƙarin ruwa, kanula ('yar robar da ake sawa a jijiya), robar zuƙe majina, ledar ruwa, filasta. Ba ya karatun boko, amma da hannu biyu yake karɓarta kamar an miƙa masa laya. Ran kwana na biyar ni na fito da ita. Ya dubi tsawon rubutun, ya ce, “Sista, duk yau za a yi amfani da su?” Na ce, “E, Baba.” Ya ce to Allah ya ba da lada, ya zura hannu aljihun 'yar ciki, sai da ya juya mini baya sannan ya ƙirga abin da ya rage masa.

Yaron ya tashi, alhamdu lillahi, aka mayar da shi ɗakin maza. Ni aka bar wa kwashe durowar gefen gadonsa. Kwalin safa uku na tarar, kowanne an farke bakinsa an ci rabi. Layin ruwa biyu an yage ledarsu ba a rataya ba. Sirinji a tsirara, an fitar da su wai don a shirya, ba a zuƙi komai da su ba. Na rufen na tattara na ba dattijon, ina sane da cewa kantin magani ba zai karɓa ba. Na buɗen ya tafi kwandon shara. Ashe ƙarya na yi wa bawan Allahn nan. Ban buɗe durowar ba kafin na rubuta takardar, ta jiya na kwafa, ita ma ta jiyan ta shekaranjiya aka kwafa.

A 'yan shekarun nan wata magana ta shigo aikinmu, wai ɗakin masu matsanancin ciwo ya zama mai ɗorewa, ya rage ɓarna da gurɓata muhalli. Wasunku sun ji ta a taro, kuma na san abin da da yawa suka ce a zuci: zancen waɗanda suka ƙoshi ne. Ni ma haka na ce. Su daga hayaƙi suka faro lissafinsu. A 2019 ƙungiyar Health Care Without Harm ta ƙiyasta cewa harkar lafiya kaɗai ke fitar da kashi 4.4 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya, da ƙasa ce da ita ce ta biyar. A cikin asibiti kuwa ɗakinmu da ɗakin tiyata ne kan gaba wajen ci. A asibitin Erasmus da ke Rotadam ta ƙasar Holan sun zauna sun auna duk abin da ya shiga ɗakinsu a shekarar 2019, suka tarar majinyaci ɗaya a kwana ɗaya yana cin kaya kilo 17, ciki har da sirinji 24, shimfiɗar gado ta yarwa 8, da safar hannu 108. Kwali guda da ɗoriya ke nan, ga mutum ɗaya, daga safiya zuwa safiya.

Da na karanta wannan, ƙanƙarar da ke narkewa a can wata duniya ba ta faɗo mini a rai ba. Bencin nan ne ya faɗo. A Holan inshora ke biyan kwalin. A Najeriya sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Safar da na sa ba gaira ba dalili, daga buhun masarar wani ta fito. Mu a ɗakinmu rashi da ɓarna gado ɗaya suke kwana: da dare a nemi kanula guda a rasa, da safe a zubar da biyu da aka buɗe ba a sa ba. In akwai waɗanda zancen nan ya dace su riƙe shi da hannu biyu, to mu ne.

Bari na ɗan daɗe a kan safar, don ita ta fi bin jikinmu. Ku shigo da ƙarfe biyun dare ku tsaya daga bakin ƙofa ku yi shiru. Nas za ta sa safa ta juya majinyaci. Da safar za ta kashe ƙarar na'ura, da ita za ta ɗauki biro ta rubuta awo, da ita za ta gyara hijabinta, wayarta ta yi haske ta taɓa, sannan ta wuce gado na gaba. A ranta tana da tsabta tunda hannunta a rufe yake. Ta kare kanta, ta kwashi abin da ke gado na ɗaya ta kai wa na biyu kyauta. Ba wata nake yi da ita ba, hannuna na kama yana haka. Hannun da ke tsirara yana jin ya taɓa abu, ƙyanƙyami ya tura shi famfo. Safa wannan jin take kashewa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a fili take: safa ta jini ce da ruwan jiki, da buɗaɗɗen rauni, da cikin baki da makamantansa, da majinyacin da aka keɓe. Awon bugun jini, gyara matashi, taɓa lafiyayyar fata, rubutu a takarda, tsabtataccen hannu suke so. A ranar tsabtace hannu ta duniya, 5 ga Mayun 2025, a kan wannan kaɗai hukumar ta tsayar da saƙonta: safa wani lokaci ce, tsabtace hannu kuwa kullum ne.

An kuma gwada an gani. A 2018 ma'aikatan jinya na asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan sun yi gangamin cire safa daga inda ba ta da aiki. Cikin kimanin shekara guda suka rage tan 21 na roba, cututtukan da ake ɗauka a asibiti ba su ƙaru ba, masu zuwa da kukan tsagewar fatar hannu a cikin ma'aikata ma suka ragu.

Na san amsar da ke bakinku: Landan ba ta da Lassa. Gaskiyarku. A garin Lassa na jihar Borno ta yanzu aka fara gano cutar a 1969, kuma mutum biyun farko da aka san ta kashe ma'aikatan jinya ne, ɗaya ta kamu a can aka kawo ta Jos, ɗayar ita ta yi jinyarta. Har yau kowane rani sai ta taɓa wani ma'aikacin lafiya. Duk wanda ya ce mu yi sakaci da kayan kariya bai san ƙasar da muke takawa ba. Sai dai ku duba wani abu. Kwalin da muka cinye wajen rubuta awo da tsakar dare, shi ne babu shi da asuba lokacin da aka turo mai zazzaɓi jini na bin hancinsa. Wanda ya yi tattalin safa inda ba ta da amfani shi ke samunta ranar da rai ya rataya a kanta. Amma da sharaɗi, kuma ina roƙon ku riƙe shi kafin komai: kada ku ce mu cire safa alhali famfo ba ruwa, kwalbar sinadarin goge hannu kuma ta bushe tun makon jiya an bar ta a bango tana ado. Yawancin 'yan'uwana sun san ƙa'idar sarai. Rashin ruwa ne ke kwanar da su cikin safa. A sa sinadari a gindin kowane gado, a tabbata ba ya yankewa, sannan a yi mana wa'azi.

Sai jini. Kowace asuba ana ɗibar jini saboda asuba ta yi. Wani babban bincike da aka buga a 2002, wanda ya haɗa ɗakuna 146 a Yammacin Turai, ya nuna ana ɗibar wa majinyaci kimanin mililita 41 a kwana. Ku lissafa, kwana goma sha ɗaya leda guda ce ta tafi. Mu kuma mukan ɗora namu a kai: wanda ake zubarwa kafin a ɗebi na gwaji daga layi, kwalbar da ake cikawa maƙil alhali injin ɗakin gwaji kaɗan yake so, da wanda aka sake ɗiba don sakamakon jiya ya ɓace a hanya. Sai jini ya yi ƙasa, mu fita benci mu ce a nemo masu bayarwa. Wanda ya taɓa ganin an ɗebo ƙanne da 'ya'yan ƙanne daga ƙauye a motar haya saboda leda biyu, aka gwada shida aka ɗauki ɗaya, ya san ledar jini ba abin wasa ba ce a ƙasar nan. Tun 1999 aka buga gwajin da aka yi a Kanada kan majinyata 838. Rukuni ɗaya ba a ƙara musu jini sai awon ƙarfinsa, wato himogulobin, ya sauka ƙasa da 7, ɗayan kuwa da ya sauka ƙasa da 10 ake ƙarawa. Da lissafin pi-si-bi, awon yawan jini da muka saba, kusan 21 da 30 ke nan. Waɗanda aka jinkirta wa ba su fi ɗaya rukunin mutuwa ba. Mai zubar jini lissafinsa daban ne, mai ciwon zuciya ma ana dubansa daban, kuma hukuncin na likita ne. Amma “Likita, wannan gwajin me zai canza mana yau?” tambaya ce da ta dace da bakin nas, in kun ɗaure mata gindi. Ƙungiyoyin masana wannan fanni na Amurka sun fitar da abu biyar da suka ce a daina a 2014, na farkonsu shi ne yin gwaji don kawai lokacinsa ya zagayo, ba don akwai tambayar da ake so ya amsa ba. Hoton ƙirji na kowace safiya ma haka. A Faransa an gwada barinsa sai an ga dalili a ɗakuna 21, aka buga a 2009: hotunan sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, majinyata ba su ƙara kwana a kan na'ura ba.

Dokar kwana uku ta kanula, dukanmu da ita muka taso. Ko jijiyar lafiya lau take, kwana uku sun cika, a cire a nemi wata, a jikin da ya kumbura ana laluben jijiya kamar ana neman allura a rairayi. 'Yar'uwarmu a sana'a, Farfesa Claire Rickard ta Ostireliya, ta jagoranci gwaji kan majinyata 3,283 a asibitoci uku, mujallar Lancet ta buga a 2012. Rabi ana canza musu bisa kalanda, rabi sai an ga alama. Kumburin jijiya kashi 7 cikin ɗari ne a nan, kashi 7 a can. A 2021 ta sake nuna cewa layin ruwan da ke haɗe da babbar jijiya zai iya kai kwana bakwai maimakon huɗu ba tare da cutar jini ta ƙaru ba, ban da layin jini da na magunguna masu maiƙo, waɗanda ƙa'idarsu daban take. Kada wani ya ɗauka wannan hutu ne. Aiki ma ya ƙaru, domin ido ne zai maye gurbin kalanda. Kowane duti sai an buɗe an duba, an taɓa, ja ko zafi ko kumburi ko filasta ta saki saboda gumin watan Afrilu, a cire nan take. Wadda kuma ba a amfani da ita, yau za ta fita.

Akwai wanda ni kaina nake jin kunyarsa. Shekara da shekaru, duk bayan awa huɗu nakan ɗauki babban sirinji in zuƙo abin da ke cikin majinyaci ta robar hanci, in auna, in ya yi mini yawa in zubar in tsayar da abinci. Abincin nan ko dai gwangwani ne da 'yan'uwa suka sayo da tsada, ko kunun gyaɗa ne da wata uwa ta tashi da asuba ta dama, ta tace sau biyu don kada ya toshe roba, ta zubo a fulas ta hau Keke Napep ta kawo. Ni kuma in tuttular da shi a kwano ina ganin huhu nake karewa. A 2013 aka buga gwajin da aka yi a ɗakuna tara na Faransa kan majinyata 449 da ke kan na'urar numfashi. Waɗanda aka daina auna musu sun ɗan fi yin amai, wannan gaskiya ne, amma ciwon huhun da muke tsoro bai ƙaru ba, kuma sun fi samun abincin da jikinsu ke nema. Abin da ke kare huhun mun san shi, kuma kusan kyauta ne: ɗaga kan gado, tsabtace baki, duba iskar balan-balan ɗin robar numfashi. Su ne kuwa muke fara tsallakewa in aiki ya yi yawa, mu riƙe sirinjin. A layin nan kuma akwai zuba ruwan gishiri cikin robar numfashi kafin kowace zuƙa ko majinar ba ta yi kauri ba, da canza robobin na'ura bisa kwanan wata alhali ba su ƙazanta ba. Duk an daɗe da daina ba da shawarar yinsu a matsayin al'ada.

Waɗannan duka ƙaramin abu ne in aka ajiye su kusa da kuɗin kwana guda a ɗakin. A 2000 wasu likitoci a Shikago suka gwada tsayar da maganin barci sau ɗaya kowace rana har majinyaci ya farka, a kan mutum 128. Zaman kan na'ura ya sauko daga kwana 7.3 zuwa 4.9. Ba zan yi munafunci ba, majinyacin da aka nutsar cikin barci yana da daɗin jinya. Ba ya fisge roba, ba ya kokawa da na'ura, nas ɗin da aka bar wa gado uku ita kaɗai tana samun ta zauna. Na san wannan jarabar ciki da waje. Amma kowace rana da ya ƙara, kuɗin gado ne, oksijin ne, dizal ne, sabuwar takarda ce a benci, ga kuma wani can a ɗakin agajin gaggawa ana matsa masa jakar numfashi da hannu yana jiran gadon. Robar fitsari ma haka: mun san kowane kwana da ta ƙara haɗarin cuta take ƙarawa, amma sai ta zauna don ba wanda ya tuna ya tambaya.

Wuta ba sai na tsawaita ba, kun fi ni sanin takardar kuɗinta. Wani bincike na 2018 ya auna jinyar mai gubar jini, wato wanda ƙwayar cuta ta mamaye jikinsa, a ɗaki ɗaya na Amurka da ɗaya na Ostireliya, ya sami kilo 178 da kilo 88 na hayaƙi a kwana, mafi yawansa daga makamashi. A wurinmu makamashin yana da ƙara da wari, a bayan ɗaki yake ruri. Tun da aka ninka kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi tsawon lokaci, sama da sau uku a Afrilun 2024, ba asibitin da bai ji a jikinsa ba. Ba na cewa a taɓa na'urar sanyaya ɗaki, majinyata da injina duk suna buƙatarta. Amma ƙofa a wangale tana aiki, oksijin na hurawa a gadon da aka tafi da mai shi ɗaukar hoto tun awa guda, allo na nuna awon oksijin na jini 100 muna murna alhali 94 zuwa 98 ya wadatar da yawancin majinyata, masu tsohon ciwon huhu ma 88 zuwa 92 ake nema musu, wannan duk a hannunmu yake. Silindar da ta ƙare da ƙarfe ukun dare, da rana muka shanye ta.

Ku kuma zagaya bayan asibiti da sassafe. Akwai wani tsoho da ke tura amalanken shara zuwa inda ake ƙonawa, takunkuminsa a haɓa, idonsa ja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 85 cikin ɗari na sharar asibiti shara ce irin ta gida, 15 ne kaɗai mai haɗari. Mu kuwa duk abin da hannu ya riƙe, kwali ne, takarda ce, ledar sirinji ce, robar ruwan sha ce, rawayar leda yake faɗawa, don ita ce kusa da gado, baƙar tana can bakin ƙofa in ma akwai ta. Da zarar sun haɗu duk sun zama masu haɗari, duk sai wuta. Ƙonawar da ta cika ƙa'ida zafin digiri 850 zuwa sama take so. Ƙasa da haka, ledar ruwa da layinta irin na roba mai sinadarin kulorin suna sakin gubar dayoksin, ta bi iska ta sauka a unguwar da ke jingine da katangarmu, inda 'yan'uwan majinyatanmu ke shanya wanki. Maganin rabin wannan kwando biyu ne a gindin gado maimakon ɗaya.

To, in duk an san wannan, me ya sa muke ci gaba? Tsoro ne, iyayena. Nas ƙarama da ta bar kanula mai lafiya ta shiga kwana na huɗu, in kun zo zagaye ita za ku tsayar a gaban ɗalibai. Wadda ta cire ta, ta huda mutum sau uku kafin ta samu wata jijiyar, ba mai ce mata uffan. Wadda ba ta cike gurbin awon abin ciki a takarda ba ta yi laifi. Wadda ta zubar da abincin majinyaci ta cike gurbin ta yi aiki. A ɗakinmu ba a taɓa tuhumar mutum don ya yi abin da ba a buƙata ba, sai don ya bari. Kowa kuwa ya san inda bulala ke sauka, can zai kauce wa. Shi ya sa in ka tambayi dalili, amsa ɗaya ce daga sabuwar nas har mai shirin ritaya: haka muka tarar.

Saboda haka abin da nake roƙo ƙarami ne, kuma ku kaɗai ke da shi. Ku rubuta. Ku zauna da likitocin ɗakin da masu kula da hana yaɗuwar cuta, ku ɗauki takardun aikinmu layi-layi, kowane abu da ake yi bisa agogo ko kalanda ku tambaye shi hujjarsa. Wanda ya kawo ya zauna. Wanda bai kawo ba ku soke shi, ku sa hannu da kwanan wata, a manna a bango inda mai aikin dare za ta nuna da yatsa in an tambaye ta. Ku cire gurbinsa daga takardar awo gaba ɗaya, domin muddin gurbi na nan hannu zai cike shi. A zagayen safe kuma a ware minti biyu ga nas mai gadon ta faɗi abin da za a iya cirewa yau, roba ce, layi ne, gwaji ne, maganin jijiya ne da za a iya mayarwa ta ciki tunda cikin ya fara karɓa. Ba sai an yi duka a wata ɗaya ba. A ɗauki ɗaya, a ƙirga kafin da bayan, a ƙirga har da cututtukan da ake ɗauka a ɗakin, in an ga illa a koma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma lissafin Holan ba zai gaya mana namu ba.

Malamanmu, ku kuma ku duba takardar da kuke ba da maki a jarrabawar aiki. Ɗalibar da aka ba maki don ta sa safa kafin ta auna bugun jini za ta sa ta har ta yi ritaya. Ina fata Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya za ta sa wannan a gaba duk lokacin da ta zauna sabunta manhajar fannin.

Saura abin da ya fi tsorata ni game da wasiƙar nan. Ina tsoron ta faɗa hannun mai riƙe da sito ko mai lissafin kuɗi, ya karanta kalmar ragewa kawai ya ninke. Gobe a ce nas-nas da bakinsu sun ce kaya sun yi yawa, a rage kwali, a ce a wanke abin da aka yi don amfani sau ɗaya, a ce sirinji guda ya zagaya. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ba abin da na faɗa da ke halatta sake amfani da allura ko sirinji, ko jinyar mai zubar jini da hannu tsirara, ko hana majinyaci gwajin da yake buƙata don ba shi da galihu. Ku tsaya mana a nan tsayin daka. Kuma duk abin da na lissafa ido yake ci. Duba kanula kowane duti, tsayawa a kan mai farkawa daga barci kada ya fisge robar numfashi, duk mutum suke so. A farkon 2024 majalisarmu da kanta ta ce ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Mu da muka rage, kowane minti da muka kashe a kan al'adar da ba ta da amfani daga bakin wani majinyaci muka cire shi, wanda ya kamata a juya ko a wanke masa baki. In an samu rarar kuɗi daga wannan gyara, a bar ta a ɗakin, ta zama sinadarin hannu da kwandon shara da gajeriyar takarda ga mai zaman benci. In ta ɓace a sama, ba nas ɗin da za ta sake yarda da zancen.

Ni dai tun daga durowar yaron nan, ba na rubuta takardar saye sai na durƙusa na buɗe na ga abin da ke ciki, kuma ba na farke sabon kwali sai tsohon ya ƙare. Ranar farko takardar ta fito layi uku. Matar da na miƙa wa ta dubi takardar ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ta ce, “Sista, ko an cire rai da shi ne?” Sai da na zauna kusa da ita a bencin na yi mata bayani. Da rana kuma na sha faɗa a wurin babbata, don ta ga kanular kwana huɗu a hannun mutumin. Na nuna mata jijiyar, ta taɓa, ta yarda lafiyarta ƙalau, sannan ta ce in cire, tunda ba inda aka rubuta a bari.

Na cire.

Allah ya ƙara muku lafiya da girma.

Taku a aiki,
wata ma'aikaciyar jinya a ɗakin masu matsanancin ciwo.